Takalmin fata a garin Arlit

Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyum a Arlit a 1971. COMINAK ya bi sahu a Akokan a 1978, har aka rufe shi a 2021. Tun lokacin nan takalmin fata mai ƙarfe a baki ya zama abokin ma'aikaci, shi ke tsare ƙafa in dutse ya faɗo. Amma jihar Agadas ba ta raga wa fata. Rana ta gasa ta, ƙura ta shanye maiƙonta, sai ta tsage daidai lanƙwasar yatsu.

Dukawa sun san maganin abin tun kaka da kakanni. A kakkaɓe ƙura, a goge da tsumma mai danshi, a bar takalmin ya sha iska a inuwa, nesa da murhu. Sa'an nan a shafa man kaɗe kaɗan, har cikin ɗinki. Wanda ya shafa mai bisa ƙura ya yi aikin banza, don rairayi zai riƙa cin zare.

Ƙurar mahaƙa kuwa tana ɗauke da burbushin uraniyum. Can wurin aiki ya kamata a kakkaɓe ta, kada ta kai tsakar gida inda yara ke rarrafe.