Wuri: Yadda Katantanwar Teku Ta Zama Kuɗi, Ta Kuma Faɗi

JOS. Duk wanda ya ga wuri a yau, galibi zai gan shi ne jikin kayan rawar gargajiya a Filato, ko kuwa a shimfiɗar masu sai da magunguna a kasuwa. Amma kusan shekara 200 da shi aka yi ta ciniki a ƙasar Hausa, har ma kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce.

Wuri dai ƙwanson wani ƙaramin dodon koɗi ne da ke zaune a ruwa marar zurfi a gaɓar Tekun Indiya. Iri biyu ne suka shigo kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma bambance su ba shi da wuya. Na farko shi ne na tsibiran Maldif, wanda masana ke kira Monetaria moneta: ƙarami ne, fari mai ratsin rawaya, da ɗan tudu-tudu a gefensa. Na biyu, wato Monetaria annulus, daga Zanzibar da gaɓar Afirka ta Gabas yake, launinsa ya ɗan yi toka-toka, kuma akwai zobe mai ruwan goro da ya kewaye bayansa.

Mutanen Maldif kan jefa rassan kwakwa cikin ruwa, dodon koɗin ya manne musu, sa'an nan a jawo su tudu, a baza a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ƙwanson. Ke nan ba a kashe wani abin kirki wajen samar da shi. Nisan hanya da wahalar dako ne suka ba shi daraja. Ibn Baɗuɗa, wanda ya zauna a Maldif wajen shekarar 1343, ya ce a can wuri 400,000 ne dinari ɗaya, alhali a Mali dinari ɗaya wuri 1,150 ne.

Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya iso ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. 'Yan kasuwa sun karɓe shi saboda ba ya ruɓewa, ba a iya yin jabunsa, kuma yana sayen abu komai ƙanƙantarsa. Akan ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, a zuba zambar 20 cikin keso ɗaya, wanda kusan kayan mutum guda ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500.

Matsala ta faro ne daga 1845, sa'ad da fataken Hambug ta Jamus suka fara kwaso wurin Zanzibar cikin jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma domin sayen manja. Wannan wuri ya fi araha, ga shi da yawa ƙwarai. Da kasuwa ta amince da shi, sai aka yi ta tuttuɗo shi, kuɗi suka fi kaya yawa, farashi ya yi ta hawa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 darajar wuri ta zube, har ta kai ladan dakon kuɗi zuwa gari mai nisa yakan cinye kashi mai tsoka na kuɗin da aka ɗauko. Wanda ya tara dukiyarsa a kesuna, ko ya ba da bashi na dogon lokaci, shi ya fi kowa asara.

A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri Nijeriya ta Arewa. Bayan haka aka buga anini domin ƙananan ciniki, aka kuma kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912. A nan ne Jos ta taka rawa: kamfanonin haƙar kuza sun riƙa biyan leburorin da suka zo daga Kano, Zariya da Bauchi da sule da kwabo, su kuwa suka koma gida da su suna biyan haraji. Sannu a hankali wuri ya koma abin ado, kodayake sunan sidi, kuɗin da Gana ta fito da shi a 1965, daga sunan wuri ne a harshen Akan.

Darasin da ke nan ga ɗan kasuwa a fili yake. Darajar kowane irin kuɗi, wuri ne ko takarda, ta dogara ne ga yawansa idan an gwada da kayan da ke kasuwa. Duk lokacin da aka sami hanyar ƙara shi a sauƙaƙe ba tare da kaya sun ƙaru ba, mai ajiya da mai bin bashi ne za su biya.