Dharmendra: Sarkin Ƙarfin da Hausawa suka raɗa wa suna

Da labarin mutuwar Dharmendra ya iso Suleja a ranar 24 ga Nuwamban 2025, waɗanda suka fi jin abin a ransu su ne dattawan da suka yi ƙuruciyarsu a zamanin sinima da kaset. Jarumin ya mutu a Mumbai yana da shekara 89, bayan ya fito a finafinai sama da 300. A ƙasar Hausa kuwa tuni masu kallo suka yi masa laƙabi da Sarkin Ƙarfi, kamar yadda suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin.

An haife shi ranar 8 ga Disamban 1935 a wani ƙauye na yankin Ludhiana da ke jihar Punjab, kuma mahaifinsa malamin makaranta ne. Gasar neman sabbin fuskoki ta mujallar Filmfare ce ta kai shi Bombay, inda ya fara fim a 1960 da Dil Bhi Tera Hum Bhi Tere. Tauraruwarsa ta haska a 1966 da Phool Aur Patthar. Daga baya ya auri abokiyar aikinsa Hema Malini a 1980, ya wakilci mazaɓar Bikaner a majalisar dokokin Indiya daga 2004 zuwa 2009, aka kuma karrama shi da lambar Padma Bhushan a 2012. 'Ya'yansa Sunny da Bobby Deol sun gaje shi a sana'ar.

Sai dai babu fim ɗin da ya dasa shi a zukatan Hausawa kamar Sholay na 1975, inda ya fito a matsayin Veeru tare da Amitabh Bachchan. An ɗauki fim ɗin a cikin duwatsun Ramanagara na kudancin Indiya, waɗanda ke iya tuna wa mutumin Suleja Dutsen Zuma da tsaunukan da ke kewaye da garinsa.

Labarin kansa ma ya daina zama baƙo. Ƙauye ne na manoma da ɗan fashi Gabbar Singh ya addaba, yaransa na saukowa daga dutse suna karɓar hatsi a matsayin haraji, har wani tsohon ɗan sanda ya ɗauko hayar ɓarayi biyu domin su kamo shi. A da, nishaɗi ne kawai. A yau, manoman ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi a wannan jiha ta Neja sun ɗanɗana irin wannan uƙuba a hannun 'yan bindiga.

A nan darasin yake. Duk ƙarfin Veeru, nasarar ba ta zo a banza ba, domin amininsa Jai ya rasa ransa, kuma a ƙarshe 'yan sanda ne suka tafi da Gabbar. Jarumtar mutum ɗaya takan rage zafi, amma hukuma ce ke da alhakin tsare talaka.

Matasan Suleja da ke kallon finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa a wayoyinsu za su iya nemo Sholay. Za su fahimci abin da ya sa iyayensu suka ba baƙo sarauta.