Ƙaiƙayin fatar jarirai: kada a yanke wa yaro nono saboda ƙuraje

Idan ƙuraje masu ƙaiƙayi suka fito wa jariri a kumatu, sau da yawa akan ce nonon uwa ne ba shi da kyau, ko kuma wani abu ta ci. Daga nan sai a yaye yaro kafin lokaci, ko a hana uwa gyaɗa da ƙwai. Wannan ya fi ƙurajen haɗari.

Ciwon da likitoci ke kira egzima bushewar fata ce mai tsananin ƙaiƙayi. Yakan fara a shekarar farko, a kumatu da goshi. Idan yaro ya ɗan girma, yakan koma lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. An fi ganinsa a gidan da ake da asma, domin yana bin jini. Ba ƙyasbi ba ne, ba kuma ƙazuwa ba ce, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Ƙura da sanyin hunturu da sabulu mai ƙarfi suna tayar da shi.

Nonon uwa ba ya haddasa egzima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jariri nono zalla, ko ruwa ban da shi, har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. A zaman sansani, madarar gwangwani da aka dama da ruwa marar tsabta tana jawo gudawa, gudawa kuwa tana kashe jarirai. Uwa mai shayarwa ta ci duk abin da ta samu. Ƙaurace wa gyaɗa ko madara ba ya kare yaro, sai dai ya rage mata ƙarfi.

Daga wata 6 a fara kunu mai kauri, a riƙa haɗawa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan. Jinkirta su ba kariya ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2015, kan jarirai a Ingila, ya nuna cewa masu egzima da aka fara ba gyaɗa da wuri sun fi tsira daga cutar da ke sa jiki ya ƙi gyaɗa. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, tana iya shaƙe shi. Idan ƙurajen sun yi yawa, a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a fara.

A gida, a shafa wa yaro basilin aƙalla sau 2 a rana, musamman bayan wanka. A yanke masa farce. Kada a shafa masa man bilicin ko maganin da aka saya a kasuwa.

Ku kai yaro asibitin sansani idan ƙurajen suna fitar da ruwa ko mugunya, ko ya yi zazzaɓi. Idan mutanen gida duka suna susa da dare, wataƙila ƙazuwa ce, kuma tana da magani. Idan leɓensa ya kumbura ko numfashi ya yi masa wuya bayan cin abinci, ku garzaya da shi nan take, ko da dare ne.