BABI NA UKU: ALHAKIN AMINTATTU DA HANYOYIN KARE ƘUNGIYOYIN SA KAI DAGA RIKICIN SHARI'A

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar ƙungiyoyin sa kai da ire-irensu, wato ƙungiyoyin da ake kafawa don taimakon al'umma ba don neman riba ba, kamar na addini da na agaji da na raya gari da na tsofaffin ɗalibai. A wannan babi kuwa za a duba matsayin waɗannan ƙungiyoyi a idon dokar Nijeriya, da wanda alhaki yake hawa kansa idan aka yi ɓarna ko asara, sannan a kawo hanyoyin da ƙungiya za ta bi don ta kare kanta da shugabanninta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, rajista tana ɗauke alhaki daga kan ɗaiɗaikun mutane ta mayar da shi kan ƙungiya, amma ba ta kare amintaccen da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

3.1 Matsayin Ƙungiya a Idon Doka

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin haɗa kai da wasu don kafa ƙungiya. Saboda haka ƙungiyar da ba ta yi rajista ba halattacciya ce, muddin manufarta ba ta saɓa wa doka ba. Sai dai doka ba ta ɗauke ta a matsayin mutum ba. Ba ta iya mallakar fili da sunanta, ba ta iya kai ƙara, kuma ba a iya kai ta ƙara da sunanta, sai dai ta hannun wasu 'ya'yanta da za su wakilci sauran. Kotun Ƙoli ta bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1989, a shari'ar da Cif Gani Fawehinmi ya yi da Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, inda ta yanke cewa ƙungiyar, duk da girmanta, ba mutum ba ce a idon doka da za a kai ƙara da sunanta.

Illar wannan matsayi a fili take. A ɗauka cewa wata ƙungiyar unguwa ta karɓo buhu 200 na siminti bashi don gina makarantar Islamiyya, sai kuɗin da ake sa rai ba su samu ba. Mai siminti ba shi da wanda zai kama sai shugaba ko ma'ajin da ya sa hannu a takarda, kuma daga aljihunsu za a nemi biya. Haka kuma idan an rubuta filin makarantar da sunan shugaba, ranar da ya rasu magadansa suna iya sa filin cikin gado, domin takarda sunan mahaifinsu ta nuna.

Don magance irin wannan ne doka ta tanadi rajistar amintattu. Tun a 1924 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar da ta bai wa amintattun ƙungiyoyi damar riƙe fili da sunan ƙungiya. A 1990 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa Dokar Kamfanoni, wadda ta samar da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, ta kuma ware ɓangare guda don irin waɗannan ƙungiyoyi. A ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1990. A cikinta sashe na 823 zuwa na 850 su ne suka shafi amintattu.

A ƙarƙashin dokar ta 2020, ƙungiya tana naɗa amintattu biyu ko fiye, su nemi rajista, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ba a naɗa yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta tabbatar da karayar arzikinsa kuma bai fita daga ciki ba, ko wanda aka hukunta da laifin zamba a cikin shekara 5 kafin naɗin. Da zarar an ba da takardar shaida, amintattun sun zama jiki guda mai ɗorewa. Mutuwar ɗaya daga cikinsu ba ta rushe shi, kuma da sunan wannan jiki ake mallakar dukiya, ake ƙulla yarjejeniya, ake shiga kotu.

3.2 Iyakar Kariyar da Rajista Take Bayarwa

Da yawa daga cikin shugabannin ƙungiyoyi suna zaton takardar rajista garkuwa ce daga kowace irin tuhuma. Wannan kuskure ne. Abin da rajista take karewa shi ne bashi da alkawarin da aka ɗauka da sunan ƙungiya, bisa izininta, kuma a cikin manufofinta. Amintaccen da ya fita daga wannan da'ira shi zai ɗauki alhakin abin da ya aikata.

Sashe na 838 na dokar ya wajabta a kashe dukiyar ƙungiya wajen cim ma manufofin da aka rubuta a tsarin mulkinta kawai, ya kuma hana raba ta ga 'yan ƙungiya da sunan riba. Ke nan idan an tara kuɗi don marayu, sai amintattu suka ranta wa ɗaya daga cikinsu ya ƙara jari, sun saɓa doka ko da ya mayar da kuɗin daga baya. Idan kuwa kuɗin suka salwanta, ana iya tilasta musu biya daga dukiyarsu, ban da tuhumar cin amana da dokar laifuffuka ta tanada. Ko da ƙungiya ta rushe, sashe na 850 bai yarda a raba abin da ya rage ba. Bayan an biya basussuka, sai a miƙa ragowar ga wata ƙungiya mai irin wannan manufa.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin ta yi daidai da hukuncin amana a fiƙihu. Malamai sun bayyana cewa wanda aka bai wa ajiya ba ya biyan ranko idan ta salwanta ba da laifinsa ba, kamar gobara ko fashi. Amma idan ya yi sakaci wajen tsare ta, ko ya yi amfani da ita ta hanyar da ba a ba shi izini ba, to biya ya hau kansa. Haka hukuncin yake ga mai kula da waƙafi. Bambancin kawai shi ne, a gaban kotun zamani takarda ce babbar shaida. Amintaccen da bai ci ko kwabo ba, amma ya kasa nuna rasit, yana iya shan wahalar da maci amana yake sha.

3.3 Kafofin da Rikici Yake Shigowa

Kafa ta farko ita ce ta ma'aikata. Doka tana ɗora wa mai gida alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Idan direban motar ɗaukar marasa lafiya ya kaɗe mutum ta hanyar ganganci yana kan aikin ƙungiya, ana iya neman diyya daga ƙungiyar, kuma cewa aikin taimako ake yi ba hujja ba ce. Su ma ma'aikatan suna da haƙƙi. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi don waɗanda suka ji rauni a wurin aiki.

Kafa ta biyu ita ce ta haraji. Dokokin harajin Nijeriya, har da sabuwar dokar 2025, sun ɗauke wa ƙungiyoyin addini da na agaji da na ilimi harajin kuɗin shiga, da sharaɗin kuɗin ba daga kasuwanci suka fito ba. Ƙungiyar da ta buɗe gidan burodi ko ta shiga fatauci, ribar wannan harka ba ta cikin rangwamen. Haka nan wajibi ne ta cire harajin albashin ma'aikatanta ta miƙa wa hukuma.

Kafa ta uku ita ce ta fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma wajabta neman amincewarsa kafin a sayar ko a jinginar da filin da yake da takardar gwamnati. Sau da yawa mai kyauta yakan ba da fili da baki a gaban jama'a, a gina masallaci ko asibiti, ba a canza suna a takarda ba, sai bayan ransa rigima ta tashi.

Kafa ta huɗu ita ce ta shige da ficen kuɗi. Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi da ya wuce naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya mai rajista, sai ta hanyar banki. A wannan shekarar aka kafa sabuwar dokar hana ta'addanci, wadda ta tsananta hukunci a kan tallafa wa 'yan ta'adda da kuɗi ko kaya. A yankin da ake rikici, zargi kaɗai yana iya tsayar da aiki. Alal misali, a watan Satumba na 2019 rundunar soja ta rufe ofisoshin ƙungiyoyin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas. An zargi ta farkon da kai wa Boko Haram abinci da magani, zargin da ta musanta. Sai a ƙarshen Oktoba na shekarar gwamnati ta ɗage dakatarwar. A tsawon waɗannan makonni 'yan gudun hijirar da suka dogara da su ne suka ji a jikinsu.

3.4 Taƙaddama a kan Ikon Hukuma

Sashe na 839 na dokar 2020 ya bai wa CAC ikon dakatar da amintattu da naɗa shugabannin riƙon ƙwarya idan akwai dalilin zargin almundahana ko rashin iya gudanarwa. Wasu sassan kuma sun shafi asusun banki da aka daɗe ba a taɓa ba, da gabatar da rahoton kuɗi. Ƙungiyoyin addini da na kare haƙƙin jama'a, musamman Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wato CAN, sun yi suka mai zafi, suna ganin an buɗe wa gwamnati ƙofar tsoma baki a harkar ibada. A watan Afrilu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa sashe na 839 da na 842 zuwa 848 sun ci karo da 'yancin addini da na haɗa kai da Tsarin Mulki ya tanada.

Abin lura a nan shi ne, hukuncin ya shafi ikon hukuma ne a kan ƙungiyoyi. Bai taɓa nauyin amana da yake kan amintattu ba. 'Yan ƙungiya da masu ba da gudummawa da waɗanda aka cutar suna da damar zuwa kotu kamar da.

3.5 Hanyoyin Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mataki na farko shi ne tsara tsarin mulkin ƙungiya a tsanake, maimakon a kwafo na wata. Ya kamata ya fayyace manufofi, da yadda ake naɗa amintacce da cire shi, da yawan mutanen da taro yake ƙulluwa da su, da yadda za a sasanta rikicin cikin gida kafin a je kotu. Duk canjin amintattu ko na suna a sanar da CAC, domin wanda sunansa yake a rajista shi doka ta sani.

Mataki na biyu shi ne raba hannu a kan kuɗi. Mai amincewa da kashewa daban, mai biya daban, mai rubutawa daban. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma kada a bar kuɗin jama'a su kwana a asusun wani. Gudummawar da aka bayar don wani aiki na musamman a rubuta ta daban, a kashe ta a kan wannan aiki. A ƙarshen shekara a gayyato mai binciken kuɗi daga waje ya duba littattafai, a karanta rahotonsa a babban taro.

Mataki na uku shi ne rubuta bayanin kowane zama. Idan amintacce bai yarda da wata shawara ba, ya nemi a rubuta rashin amincewarsa, domin wannan rubutu yana iya zame masa hujja gobe. Wanda yake da wata maslaha a cikin kwangila, kamar a ce ƙaninsa ne mai neman aikin, ya bayyana, ya fita daga zaman har a gama.

Mataki na huɗu shi ne rage nauyin asara kafin ta auku, ta hanyar yi wa motoci da gine-gine inshora. Ƙungiyoyin Musulmi da suke ƙyamar inshorar da aka saba suna da zaɓin takaful, wanda akwai kamfanonin da suke gudanar da shi da lasisi a Nijeriya. Bugu da ƙari, a rubuta yarjejeniya da kowane ma'aikaci, a tantance waɗanda za su yi hulɗa da yara da marayu, a kuma adana bayanan waɗanda ake taimakawa kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta buƙata.

Daga ƙarshe, wanda aka nema ya zama amintacce ya san abin da zai shiga. An saba sa sunan sarki ko malami ko attajiri don martabarsa, alhali bai taɓa halartar taro ba. Doka ba ta san amintaccen girmamawa ba. Idan karramawa ake nufi, ya fi dacewa a naɗa mutum uban ƙungiya, a bar amana ga masu lokacin duba littafi.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙungiyar da ba ta da rajista tana jefa shugabanninta cikin haɗarin biyan bashi daga aljihunsu, tana kuma jefa dukiyarta cikin rigimar gado. An ga cewa rajista tana magance wannan, amma tana barin amintacce da nauyin tsayawa a kan manufa da gujewa sakaci, kamar yadda fiƙihu ya tanada tun da daɗewa. An kuma kawo kafofi huɗu da rikici yake shigowa, da matakan toshe su. A babi na gaba za a nazarci kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen rubuta tsarin mulkin ƙungiyoyi, da matsalolin da ake fuskanta wajen daidaita su.