Hutun Hunturu: Daga Kujama Zuwa Ƙofar Gamji

Kowace shekara idan watan Disamba ya raba tsakiya, hazo ya sauko, makarantu kuma suka ba da hutu, to, iyayen yara a Kujama sun san abin da za su riƙa ji safe da yamma. Ba wani abu ba ne illa, "Yaushe za a kai mu Gamji?" Kujama dai ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, tana kan hanyar Kaduna zuwa Kachiya, kuma gari ne na manoma da 'yan kasuwa inda Gbagyi da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu suke zaune tare. A wurin yaron da ya tashi a irin wannan gari, zuwa lambun shaƙatawa na birni ranar Kirsimati ko Sabuwar Shekara wani abu ne da zai yi ta ba da labarinsa har a koma makaranta.

Wannan al'ada ba a nan kaɗai take ba. A birnin London na Ingila, tun daga 2007 ake kafa wani babban filin wasanni na lokacin sanyi a lambun Hyde Park, a Denmark kuwa lambun Tivoli da aka buɗe a 1843 yana buɗe ƙofofinsa musamman saboda Kirsimati. Su can ƙanƙara ce take zuba, mu kuwa namu hunturun na ƙura ne da kaushi da fashewar leɓe. Amma murnar yaro a kan lilo duk ɗaya ce.

Shiri yakan fara tun da duku-duku. A yi wa yara wanka da ruwan ɗumi, a shafe su da mai, a sa musu sabon ɗinki da rigar sanyi a sama, uwa kuma ta ƙulle shinkafa da kaza a kula, gama abincin saye a irin wannan rana ba ya araha. Daga nan sai bakin titi. Mota ta bi ta Mararrabar Rido, ta wuce matatar mai da aka buɗe a 1980, sa'an nan ta haye kogi ta shiga cikin gari.

Lambun da ake kira Ƙofar Gamji yana nan bakin Kogin Kaduna. Sunansa na hukuma shi ne Lambun Janar Hassan Usman Katsina, watau Gwamnan soja na tsohuwar Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. A cikinsa ne 'yar gadar nan ta Lugga take, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna bayan da hedkwatar Arewa ta dawo nan, aka kuma sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Yara kan bi ta kanta da gudu, ba su san cewa ta girmi kakanninsu ba.

Ranar biki wurin ba masaka tsinke. Ga layin yara a gaban lilo, ga masu hoto suna kiran jama'a, ga mai tsire da mai rake da mai zoɓo, kiɗa kuwa na tashi ta kowace kusurwa. Magidanta sukan shimfiɗa tabarma a gindin itace, 'yan mata da samari kuma su yi ta kai da kawowa ana nuna kwalliya.

Amma fa akwai wani abu a wannan taro wanda ya fi lilo da tsire muhimmanci, kuma mai karatu da ke Ikko ko Badun ba lalle ne ya san shi ba. Bayan rigingimun da aka yi a Kaduna a watan Fabrairu na 2000 da kuma Nuwamba na 2002, garin ya dare gida biyu. Kiristoci da yawa suka koma kudancin kogi, irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka tattara a arewa, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Sakamakon haka an sami yaran da suka girma ba su taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba. To, a layin lilo babu mai tambayar sunanka. Yaron Kujama da ya zo cin Kirsimati yana tsaye bayan yaron Tudun Wada da babansa ya kawo shi shan iska, kamar yadda da Salla wasu daga kudu sukan hayo kallo. Wuraren da suka rage masu haɗa yara haka ba su da yawa, saboda haka duk wanda ya rage bai kamata a yi wasa da shi ba.

Kudancin jihar ma ba a bar shi a baya ba wajen wuraren zuwa. Ran 1 ga Janairu Kagoro takan cika ta batse saboda bikin Afan, inda maharba da makaɗa da masu rawa suke fitowa a gaban Sarki. Kusa da Kafanchan kuma ga ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse. Gaba kaɗan da Kujama akwai katafaren gidan dutse na Kajuru wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Sai dai harin da 'yan bindiga suka kai can a watan Afrilu na 2019, inda mutum biyu suka rasa rayukansu, ya nuna yadda rashin tsaro ke kashe wurin shaƙatawa. Uba ba ya ɗaukar 'ya'yansa ya bi hanyar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba.

Ga iyayen da ke shirin fita bana, ya kamata a tafi da wuri a dawo kafin almuru, domin hazo yana rage wa direba gani, motocin haya kuma sukan yi lodin wuce kima a ranakun biki. A rubuta sunan yaro da lambar wayar mahaifinsa a sa masa a aljihu, kada kuma a bar shi ya nufi bakin kogi shi kaɗai. Masu kula da wuraren wasa su kuma su duba kayansu tun kafin jama'a su taru, su tanadi ma'aikacin jiyya da wurin cigiyar yaran da suka ɓace.

Daga ƙarshe, kira ga Ƙaramar Hukumar Chikun. Fili da itatuwan inuwa da 'yan lilo a cikin Kujama ba su fi ƙarfin hukuma ba. Idan aka yi haka, ɗan talakan da babansa ba shi da kuɗin motar zuwa Kaduna shi ma zai sami labarin da zai ba abokansa ranar da aka koma makaranta.