RAMIN TAKI: A MAIDA JUJI ABINCIN GONA



Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Doso, kuka ɗaya ake yi: ƙasa ta gaji. A da, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru. Bayan girbi Fulani su sauka da shanu, su taka ta. Yau mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, babu wurin hutu. Kowace shekara hatsi yana cin abincin ƙasa, mu kwashe zangarniya, mu kwashe kara, ba mu maida mata komi. Sai da ruwan ciki akan ja na rijiya. Takin zamani kuwa yana da tsada, kuma shi kaɗai ba ya gyara jigawar da ba ta riƙe ruwa.

Amma ku dubi bayan gari. Juji ya yi tudu. Ƙuda yana tashi daga nan ya sauka kan tuwo, yara su kamu da zawo. Da damina shara ta toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai. Wasu su sa wuta, hayaƙi ya cika gari. To, wannan jujin shi ne abincin da gona ke nema. Sai dai a ruɓar da shi tukuna cikin rami.

ME YA SA SAI YA RUƁE?

Ɗanyen taki yana da zafi. In ruwa ya yi ƙaranci yana ƙona shuka. Kuma yana ɗauke da irin haki da ƙwayoyin cuta. Cikin rami wasu halittu ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, suna cin shara. Aikinsu yana kawo zafi, zafin nan ya kashe yawancin irin haki. Abin da ya rage baƙi ne, mai laushi. Yana riƙe laima a gindin hatsi, shuka ta jure in ruwa ya ɗauke 'yan kwanaki. Gonar da ta samu taki kuma ba ta faye ƙuduji ba.

YADDA AKE YI

1. A zaɓi wuri mai inuwa. Kada a gina dab da bakin rijiya, don ruwan sha ya tsira.
2. A gina rami, misali tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfi mita 1. A yi masa shinge saboda yara da bisashe.
3. A tsince leda, da kwalba, da ƙarfe, da tsohon batir. Ba su ruɓewa, batir kuwa guba ne. Kada a sa bayan gida, kada a sa mushe.
4. A sassare kara gajere-gajere, a shimfiɗa kamar taƙi ɗaya. A haɗa da ƙaiƙayi, da ɓawon gujiya, da ganye, da sharar tsakar gida.
5. A zuba kashin shanu, ko na awaki, ko na kaji. A barbaɗa toka kaɗan. A yayyafa ruwa.
6. A sake: kara, taki, toka, ruwa, har rami ya cika. A rufe da ciyawa ko tsohon zana.
7. A kafa sanda a tsakiya. Bayan kwana 4 ko 5 a zare ta. In ta yi zafi, aiki yana tafiya. In sanyi gare ta kuma a bushe, a ƙara ruwa. In rami yana wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen kara.
8. A juya kowane kwana 15, na sama ya koma ƙasa.

Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna. Za ku ga ya yi baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Wanda ya fara bayan girbi, ya gama tun kafin shuka. Inda ruwa ke wuya, ruwan wanke-wanke da na surfe ya taimaka.

Ƙasar Nijar tana da ƙarancin wani gishirin shuka da ake kira fosfat. Akwai dutsensa a jihar Tawa. In an samu garinsa, a barbaɗa cikin rami. Ku tambayi malamin gona.

KADA A WATSA SHI BANZA

Taki kaɗan ne, gona da faɗi. In an watsa shi tun da rani, rana ta ƙona shi, iska ta kwashe. A sa shi cikin ramin shuka, a rufe da ƙasa. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela sun je ƙasar Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake raya fako. Da suka komo suka gina ƙananan ramu, waɗanda ake kira tassa. Kowane rami a sa cikin hannu ɗaya ko biyu na taki. Gara ta zo ci, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Da haka fakon da aka yasar ya sake ba da hatsi.

Gargaɗi guda: kada a kwashe kara duka daga gona. A bar wani a kwance, shi ke tare iska, kada ta tafi da ƙasar sama.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace unguwa ta tsaida ranar gayya. Samari su gina rami, mata su ware shara tun daga gida, mai amalanke ya ba da aro. Gari ya yi tsabta, cuta ta ragu, rumbu ya cika.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.