Damo da Ƙadangaren Dutse na Jamaika

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Gumel ya san damo. In ruwa ya sauka, masu noma a Gagarawa da Sule Tankarkar sukan gan shi yana jan ciki tsakanin kunyoyin gero. Tsawonsa yakan kai ƙafa uku. Kansa gajere ne mai faɗi, fatarsa kuwa kaushi gare ta, launin ƙasa. Kada ku ɗauke shi guza. Guza ya fi shi tsawo, kuma ba ya nisa da ruwa, shi ya sa aka fi samunsa wajen kogin Haɗeja.

Ku dubi harshen damo, za ku ga bakinsa biyu kamar na maciji. Da shi yake sansano abinci. Yana cin fara da gyare da ƙadandoniya da dodon-koɗi, har kunama ba ya bari. Ashe manomi yana da ɗan ƙodago wanda ba ya neman lada.

Da damina yake cin abincin shekara. Abin da ya ci sai ya zama kitse a cikinsa da gindin wutsiyarsa. In rani ya yi, ƙwari suka ɓace, sai ya shige rami ko tsohon suri ko kogon itace, ya kwanta wata da watanni, kitsen nan ne ke riƙe da shi. Kun ji dalili guda da ya sa ake masa kirari da sarkin haƙuri. Macen tana haƙa rami ta zuba ƙwai ta binne, ta yi tafiyarta. Sai bayan wata biyar ko shida 'ya'yan ke fitowa, ba uwar da za ta tsare su.

Turawan da suka fara rubuta ƙamus na Hausa sun fassara damo da "iguwana", amma kuskure ne. Iguwana wani babban ƙadangare ne na can nahiyar Amurka. Akwai irinsa guda da ke zaune cikin duwatsu a tsibirin Jamaika, ba a samunsa ko'ina a duniya sai can. Shi ganye da fure da 'ya'yan itace yake ci, yana kuma watsa irin itatuwa cikin kashinsa. Sun yi kama da damo wajen abu guda: ƙwansa a ƙasa yake.

A shekarar 1872 aka kai tunku Jamaika daga Indiya, don ya kashe ɓerayen da ke ɓarna a gonakin rake. Tunku ya tarar da ƙwan iguwana da 'ya'yansa sun fi ɓera sauƙin kamawa. Masu ƙona gawayi kuma suka yi ta sare dajin. Bayan 1948 aka daina ganinsa, har masana suka ce ya ƙare. Sai a 1990 karen wani maharbi ya kamo guda a tsaunukan Hellshire. Daga nan aka shiga ɗebe 'ya'yan da zarar sun ƙyanƙyashe, ana renonsu a gidan namun daji na birnin Kingston, sai sun fi ƙarfin tunku a mayar da su daji.

Damonmu bai kai wannan hali ba. Amma ana farautarsa don nama da fata, kuma daga Gumel zuwa Maigatari, bakin iyakar Nijar, gonaki sun cinye daji da yawa. In aka sare tsohon itace aka rushe suri, ina zai kwanta da rani? Wanda kuma ya kashe mace mai ƙwai da kaka, ya kashe damo ashirin ko fiye a rana guda.